Iddibal Mai Hange da Kwandon Abincinsa

Idan ka tambayi mutanen Rusbal wa ya fi kowa kaifin ido a gaɓar nan, tun daga Kartaj har inda ƙasa ta lanƙwashe, za su ce maka Iddibal, kuma ba za su yi dariya ba sai ka ba da baya. Ni kam ina iya yin tawa a gabanka, don mijin yayata ne, kuma shekara talatin da uku na yi ina juya jirgi duk inda hannunsa ya nuna. Sunana Muttun. Ana cewa ina da saurin fushi, ban musa ba, amma mai faɗin haka ya fara zama da Iddibal wata guda tukuna.

Mu mutanen tunnu ne. Sau ɗaya a shekara, idan ɓaure ya fara toho, manyan kifayen nan suke biyowa ta gabanmu garke-garke, wani ya kai ɗan maraƙi girma. Kwana arba'in suke yi suna wucewa, daga nan sai baɗi. Abin da muka kama a 'yan kwanakin nan shi ake yayyankawa a zuba a ramukan gishiri, hanjin a jiƙa shi ya zama garum, a ɗura a tuluna a tura Rum, inda na ji har a kan ƙwai suke zuba shi. Da shi muke cin gurasa, da shi muke aurar da 'ya'ya. In suka wuce ba mu gan su ba, to sai tafasa ganye har shekara ta zagayo.

Daga cikin jirgi kuwa ba a ganinsu, ƙyallin ruwa kawai ke dukan ido. Shi ya sa kakanninmu suka kafa hasumiyar katako a kan tsaunin da ya kutsa cikin teku: dogayen itatuwa huɗu, tsani mai matakai sittin, da ɗan dandamali a ƙoli wanda bai fi shimfiɗar tabarma ba. A nan mai hange yake yini. Idan ya ga inuwar garken ta taso a ƙarƙashin ruwa sai ya ƙwala kira, mu faɗa jirage shida da taru, shi kuma ya riƙa juya mu da farin ƙyalle, dama ko hagu, har mu kewaye su mu ɗaure bakin tarun.

Aikin yana da dokokinsa, mu kuwa a Rusbal mun fi riƙe doka da riƙe hankali. Da zarar an yi kira, babu wanda zai sake kallon teku har sai an ɗaure taru. Masu tuƙi da ma bayansu suke ba ta, ni ma mai riƙe da akalar babban jirgi juyawa nake yi in kafa wa ƙyallen ido. Wanda ya waiga ya rasa rabonsa na ranar, saboda an taɓa yin shekarar da kowane mai jirgi ya bi ganin idonsa, taru ya tsage gida uku. Mace ba ta taka tsanin hasumiya. Abincin mai hange a kwando ake ɗaura masa ya ja da igiya, kuma ba a buɗe kwandon, ba a tambayar abin da ke ciki, don kada mai hassada ya san cimarsa ya barbaɗa masa abin da zai ɓata ido.

Iddibal ɗan maginin tuluna ne. Tun yana ƙarami ya gano cewa duk wanda ya hau sama ba a aikensa, saboda haka in ana neman mai kwaɓa yumɓu sai a same shi a kan rufin ɗaki, ko a kan itacen zaitun, yana kallon ruwa baki sake. Ubansa ya karya sanduna a kansa har ya gaji. Yana da shekara sha tara, wata safiya, daga kan rufin gidansu ya hango garke tun kafin tsohon mai hangen da ke can ƙolin hasumiya ya gani. Shekara na zagayowa shi ne a sama. Lalacin da ake dukansa a kai ya zama sana'a, har da rabo biyu na kifi da laƙabi: Shaho.

Gaskiya ɗaya ce, ya iya. Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Shi Iddibal cewa yake yi nasa idon mudun ne da kansa. Ba zai ce garke babba ne ko ƙarami ba, sai ka ji ya ƙwalo, "Dubu biyu da ɗari uku da goma sha ɗaya." In aka fito da kifi aka ga bai kai ba, sai ya sauko a hankali, ya gyara malafa, ya dube ni a gaban jama'a.

"Sauran sun fita ta gefenka, yaro. Ina kallonsu, har wani ya juyo ya yi maka godiya."

Ina da furfura a gemu yana kirana yaro. Sau biyu na jefe shi da kan kifi, sau ɗaya na same shi.

Idon nan kuwa lallashinsa yake yi kamar jariri. Ba ya shiga inda ake yanka albasa, ba ya zama kusa da hayaƙi, kuma duk kifin farko da aka kama a shekara shi ake ƙwaƙule wa idanun ya haɗiye ɗanye, wai ido yana ƙara wa ido. Matan gari har kawo masa jarirai suke yi ya hura musu iska a fuska. Ya kan yi, ya karɓi ƙwai biyu.

Mutum ɗaya ce bai taɓa iya yi wa wannan iya shegen ba, ita ce matarsa, Yaya Namgidde. Yaya doguwa ce, siririya, sana'arta gyaran taru, kuma harshenta ya fi allurarta tsini. Shekara talatin da biyar suna tare, ban san ranar da suka yini ba su yi cacar baki ba. In gidansu ya yi shiru maƙwabta leƙowa suke yi su ga ko lafiya. Kullum in ya dawo da yamma takan tambaye shi, "To, Shahon gari, me ka gani yau?" Shi kuma ya ce, "Ruwa." Ta ce da ta san ruwa za ta aura da ta auri tulu, ko ba komai shi ana iya rufe masa baki. Cikin wannan faɗan suka haifi 'ya'ya mata uku, duk suka yi aure a wasu garuruwa.

Sai yanar ido ta fara rufe masa gani. Wannan ban san shi ba a lokacin, daga baya Yaya ta ba ni labari. Ta ce ta fara zargi ne ranar da ya tsaya a ƙofar gida ya gaida wani ƙaton tulu da ladabi, har ya tambaye shi ya jiki, yana tsammani Baba Aris ne, tsohon da ke kula da ɗakin ubangijin teku kuma yake yanke mana hukunci. Kamannin akwai, ban hana ba. Ta bari ya shigo, ta ɗaga hannu daga bakin murhu ta ce yatsu nawa ke nan. Ya ce shi ba yaro ba ne da za a yi masa wasan yatsu, amma tunda ta nace, biyu ne. Ta ce ludayi ne a hannunta. Ya zauna a ƙasa daɓas.

Ka gane, Iddibal ba shi da komai sai hasumiyar nan. Bai iya tuƙi ba, jirgi ma amai yake sa shi. Bai iya yumɓu ba. In ka sauko da shi ƙasa, wani gajeren tsoho ne mai surutu wanda ya ɓata wa rabin gari rai. Ya ce mata gara ya faɗo daga sama da a ce masa ya sauko. Ta ce in zai faɗo ya bari ta gama gyaran tarun da ke hannunta, sai ta tare shi da shi. Washegari ta kwashi tarun da allurarta ta bi shi tsauni.

Dabarar ba ta da wuya. Gindin hasumiyar ma a kan tudu yake, mai ido mai kyau yana iya ganin inuwar garke daga nan, Yaya kuwa ashe idonta ya fi na kowa, ba a dai taɓa tambayarta ba. Igiyar kwando ya ɗaura a babban yatsansa na ƙafa, ɗaya bakin yana hannunta a ƙarƙashin tarun da take gyarawa. Fizga ɗaya, sun taso. Ja mai tsawo, dama. Fizga biyu, hagu. In ta yi ta fizga ba ƙaƙƙautawa, garken babba ne. Lissafin ɗari uku da goma sha ɗaya kuwa da ma daga kansa yake fitowa.

Shekara huɗu suka yi haka, kuma ba mu taɓa kama kifi kamar na shekarun nan huɗu ba. Gari ya ɗauka soyayya ce ta kama Yaya da tsufa. Mata a bakin ramukan gishiri har waƙa suka yi mata. Abin ya dame ni, na hau na same ta.

"Yaya, kina ba mu kunya. Shekara talatin kina cewa ba kya son ganin fuskarsa, yanzu kin tare a gindinsa kamar kaza a kan ƙwai."

"Gadinsa nake yi," in ji ta, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Kada wata ta sace mini shi."

"Wa zai saci wannan?"

"To ka ga gadin yana aiki ke nan. Matsa, ka tare mini iska."

Ashe teku ce na tare mata.

Ana nan sai ga Sabinus. Barume ne, ya yi shekaru yana aiki a fadar gwamna a Kartaj, ya tara abin da ya tara, likita ya ce masa iskar teku za ta gyara masa ciki. Duk faɗin gaɓar nan bai ga inda ya yi masa ba sai tsauninmu. Kafin sanyi ya wuce ya tayar da gida mai ginshiƙai, da ɗakin wanka na ruwan zafi ga teku tana kallonsa, da tafkin da yake kiwon kifi, ba don ci ba, don ya riƙa kiransu da suna. Mutum ne mai fara'a, ba zan ci masa zarafi ba. Warinmu ne kawai bai so, alhali a teburinsa garum ɗinmu yake zubawa kamar ruwa. Don ya tare warin, ya kuma tare idon talakawa daga lambunsa, ya ja doguwar katanga daga gidan har ƙarshen dutse. Hasumiya ya bar ta, ya ce tana ƙara wa wurin kyau. Katangar ta bi ta gabanta, tsakanin mazaunin Yaya da teku, kuma ta fi tsayin mutum biyu.

Yaya ta je ta roƙi a huda mata 'yar taga. Sabinus ya tambaye ta dalili, ta ce tana son shan iska. Ya juya ya ce wa mai kula da gidansa, ka ji, har talakawan nan sun fara koyon rayuwa. Ya sa aka ba ta mafici.

Kwana tara na farkon lokacin kifi Iddibal bai yi kira ba. Kwana tara muna zaune a kan yashi, jirage a shirye, muna taunar busasshen ɓaure muna hararar sama. Mutanen garin gaba suka ce su sun ga garke biyu sun wuce. Baba Aris ya yanka wa ubangijin teku rago, shiru. Aka fara ƙus-ƙus, wai Shaho gyangyaɗi yake yi. Na hau tsauni in zazzage masa, na tarar da Yaya tana jera duwatsu a jikin katanga tana ƙoƙarin hawa, wani bawan Sabinus yana korar ta. Na ɗauka 'ya'yan itacen lambun take son tsinka, na ja ta gefe na yi mata faɗa. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Muttun, da wauta kifi ce, da kai kaɗai ka cika ramukan garin nan."

Rana ta goma Sabinus ya yi baƙi daga Kartaj. Da hantsi ya fita da su shan iska a jirginsa na alfarma mai rumfa shunayya mai duhu. Ta bayan tsauni suka fita, mu daga inda muke zaune ba mu gan su ba. Suka tsaya a tsakiyar hanyar da tunnu suke bi, aka janye filafilai, aka jera abinci. Matan cikinsu suka riƙa jefa wa tsuntsayen teku gutsuren gurasa, tsuntsaye suka yi cincirindo a kansu suna kuka.

Iddibal yana sama, kwana goma igiya ba ta motsa ba, ya san gobe ko jibi za a hau a sauko da shi. Ya ji kukan tsuntsaye, kowa kuwa ya san garke suke bi. Ya ƙura ɗan abin da ya rage masa na ido, ya ga wani duhu-duhu a kan ruwa daidai inda ya kamata. Ya cika ƙirji ya saki kira.

Muka zabura, muka tura jirage, muka ba teku baya. Ƙyalle ya ce dama, muka yi dama. Yaya ta ji kira alhali ba ita ta ja igiya ba, ta ruga can ƙarshen katanga inda igiyar ba ta kaiwa, ta ga abin da za mu kewaye, ta dawo a guje ta kama igiya ta shiga fizga iya ƙarfinta don ya dakata. Shi kuwa a wurinsa fizga ba ƙaƙƙautawa abu ɗaya take nufi. Muna cikin ruwa muka jiyo shi, muryarsa har rawa take yi don murna: "Dubu goma sha biyu! Dubu goma sha biyu da bakwai!"

Ga inda nake so ka fahimce mu. Mu arba'in da takwas ne a jirage shida, kuma kada ka yarda wani ya ce maka bai gani ba. Tun muna rabin kewaye na ji busar sarewa, a sanina kuwa tunnu ba ya busa sarewa. Da muka lanƙwaso, jirgin alfarma ya shigo mini ta wutsiyar ido, rumfarsa da komai. Na saci kallon masu tuƙi, na ga kowa ya ƙame wuya, ya zuba wa hasumiya ido kamar yau ya fara ganinta. Duk wanda ya ce a tsaya jirgi ne, ya shaida da bakinsa cewa ya waiga, rabonsa a cikin kifi dubu goma sha biyu ya tafi ke nan. Kowa yana jiran wani ya fara. Ni ne babba, ni ya kamata in yi magana, amma na ce a raina wa ya sani, ko garken yana ƙarƙashin jirgin.

Sabinus da farko ya ɗauka wasa muka shirya don girmama baƙinsa. Ya miƙe yana ɗaga mana ƙoƙon giya, yana yi wa baƙin bayanin al'adun mutanen ƙauye. Muka shiga matsowa muna jan taru, muna dukan ruwa da sanduna muna ihu, yadda ake yi don kifi ya ruɗe. Tarun ya naɗe akalar jirginsu, jirgin ya karkata, teburi ya tafi, mai sarewa ya bi teburi, Sabinus ya bi mai sarewa. Daidai nan muka ɗaure bakin taru, doka ta yarda a duba. Muka juyo gaba ɗaya, mu arba'in da takwas, muka yi mamaki iri ɗaya.

Ni na tsamo shi ta mayafinsa, da ƙugiyar da muke ɗaga kifi. Nauyinsa ya kai na matsakaicin tunnu. Ya kwanta a cikin jirgina yana fitar da ruwa ta hanci, ciyawar teku a kunne.

"Wane ne shugabanku?" ya tambaya da ya samu numfashi.

"Ranka ya daɗe, a cikin ruwa ba mu da shugaba sai ƙyalle."

"Ba ku da idanu ne?"

"Muna da su, ranka ya daɗe. Ba a dai yarda mu yi aiki da su ba."

Babu wanda ya mutu, mai sarewa ma ya fito da sarewarsa. Taru dai ya yage, gyaran kwana uku. Sabinus ya rantse sai ya kawo sojoji sun sare hasumiyar. Baba Aris ya bi shi da ban haƙuri da tulun garum mafi kyau, da ƙyar ya yarda a bar ta, da sharaɗin a sauke mai hangen.

Aka taru a rumfar gishiri, maza a gaba, mata a baya da wuƙaƙensu na yanka kifi da ba su ga aiki ba. Iddibal ya sauko yana ɗingishi, babban yatsansa ya kumbura kamar albasa. Na zo da zagi cike da baki, na ranar da kuma na shekara ashirin da shida. Baba Aris ya ce a ajiye tulu can nesa a gwada idon mutumin. Iddibal ya ce a bar tulun, sun riga sun gaisa. Ya cire malafarsa, kuma ban taɓa ganin tsakiyar kansa ba sai ranar.

"Shekara huɗu ke nan ban ga kifi ba sai a akushi," in ji shi. "A akushin ma da hannu nake gane shi. Duk abin da kuka ci a shekarun nan, matar can ce ta gano muku shi, daga ƙasa, tana ɗinki. Ni baki ne kawai. Ku sauke ni, amma kada wanda ya sake yi mata waƙa."

Na haɗiye zagin da na zo da shi. Tausayin mutumin nan ya kama ni, abin da ban taɓa zaton zai same ni ba. Yaya ce ta ɗaga murya daga baya.

"Mayar da malafarka, tsoho, kada rana ta ƙona ɗan abin da ya rage."

Aka sauke shi. Aka gwada magidanta biyu masu ganin allura a yashi. Na farko ya fitar da mu a kan inuwar girgije, muka kewaye ta tsaf. Na biyu ya leƙa ƙasa daga dandamali, sai da aka hau aka ɓamɓare hannunsa daga jikin itace. Ashe ganin garke ba kaifin ido kaɗai ba ne, sai mutum ya san wane duhu ne iska ke kora, wane ne ke tafiya da kansa. Kwana ashirin suka wuce cikin arba'in, ramukan gishiri wayam. Iddibal yana zaune a ƙofar gida ya daina magana, ko Yaya ta tsokane shi ba ya ramawa. Ta ce mini wannan shirun zai kashe shi tun kafin yunwa ta kashe mu.

Kowa ya san maganin, ba mai son faɗa. Ni na je wurin Baba Aris, don in fushi ya ci ni ba na jin kunya.

"Baba, Yaya za ta hau."

"Mace ba ta taka tsanin nan, Muttun. Ba ni na kafa dokar ba, ba ni zan karya ta ba." Ya daɗe yana sosa tumbinsa. "Na ji Barumen ya huce. Labarin ya yi daɗi a bakin baƙinsa a Kartaj, yanzu har tambaya yake yi ina tsohon da ya kama shi. Iddibal zai koma sama, murya dai tasa ce. Sai dai na lura ya rame. Mutum mai shekarunsa yana bukatar abinci da yawa. A saƙa masa babban kwando."

"Babba kamar yaya, Baba?"

"Ni ban san cikin kowa ba. Kuma ka san doka, ba a tambayar abin da ke ciki."

Maganar hucewar gaskiya ce, don daga baya Sabinus ya kawo masu jera ƙananan duwatsu suka zana abin a daɓen ɗakin cin abincinsa. Na gani da idona. A zanen, shi ne yake riƙe da ƙugiya.

Mata suka saƙa kwandon a yini ɗaya, har da murfi. Washegari da sassafe Iddibal ya hau tsaninsa, matakai sittin da ƙafarsa ta haddace. Mu shida muka ɗauko kwandon daga gidansu a kan sanduna, muka ratsa gari da shi. Ban taɓa ganin mutanen Rusbal sun shagala da kallon sama da duban ƙasa kamar safiyar nan ba. Mai gurasa ya faɗa wa bangon shagonsa cewa abincin Shaho ya yi nauyi bana. Muka yi tuntuɓe a kan dutse, abincin ya zage mu har kakanni, ya manta ni da shi kakanninmu ɗaya. Babu wanda ya ji. Muka zarga sabuwar igiya a gungumen sama muka ja, kwando ya tafi yana juyi, yana kiran sunayen alloli ɗaya bayan ɗaya.

Sauran suka gangara wurin jirage. Ni na tsaya a gindin hasumiya ina naɗe igiya, ina jiran in ji an fara faɗa. Shiru. Na daɗe a wurin har na fara tsoron ko tsayin ya ɗauke mata numfashi. Can na jiyo muryarta, ƙasa-ƙasa, ba irin wadda na sani ba.

"Maƙaryaci. Shekara talatin da biyar ina tambayarka me ka gani, kana ce mini ruwa."

"To mene ne in ba ruwa ba?"

"Ga tsibiri can, ni ban san muna da tsibiri ba. Ruwan ma launi uku ne. Ga gidanmu can kamar akushi, har wurin shanyata ina gani. Kallona kake yi ke nan duk shekarun nan?"

"In babu kifi," in ji shi. "Wata rana ko da akwai."

Sannan ya yi magana, kuma ban taɓa jin Iddibal ya roƙi wani abu a wurin kowa ba sai ranar.

"Namgidde, faɗa mini. Kada ki yi sauri. Fara daga hagu, daga farin dutsen nan, in yana nan."

"Yana nan," ta ce, ta fara.

Ban tsaya jin sauran ba, ba tawa ba ce. Na gangara ina goge ido, iskar tsaunin nan da ma tana da yaji. Ban kai ga yashi ba kiran ya fashe a bayana, muryar nan da ta shekara arba'in tana tashinmu. "Dubu uku da ɗari biyar da tara!" Sai ya ɗan dakata, kamar wanda aka taka wa yatsa. "Wai da ɗari biyu."

Muka tura jirage. Na kama akala, na ba teku baya, na ɗaga kai. Mutum biyu ne a kan dandamalin, ɗaya yana riƙe da farin ƙyalle, ɗaya tana riƙe da hannun da ke riƙe da ƙyallen. Shekara bakwai suka yi a haka har ya rasu, ni kuwa kullum ina kallonsu daga cikin jirgi. Amma ko gaban gwamna aka kai ni, mutum ɗaya na gani, da kwandon abincinsa.